Farfesa James Edward Church (1869–1959): Malamin Harsuna Mai Auna Ruwan Tsaunuka

1.0 Gabatarwa

A yammacin Amurka, inda ruwan sama yake ƙaranci a lokacin noma, rayuwar manomi ta rataya ne a kan dusar ƙanƙarar da take taruwa a tsaunuka da hunturu, ta narke da bazara, ta gangaro cikin koguna. Har zuwa farkon ƙarni na 20 babu mai iya faɗin yawan ruwan da zai sauko kafin ya sauko. Wanda ya warware wannan matsala shi ne James Edward Church, malamin tsofaffin harsunan Turai a Jami'ar Nebada. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwarsa da gudummawarsa ga ilimin ruwa.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Church a garin Holly na jihar Mishigan ranar 15 ga Fabrairu, 1869. Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Mishigan a 1892, kuma a wannan shekara ya kama aikin koyar da Latin da Jamusanci a Jami'ar Nebada da ke Reno. Ya auri Florence Humphrey a 1894. Daga baya ya tafi Jamus, ya kammala digirin digirgir a birnin Munik a 1901, sannan ya koma Reno, inda ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya a 1939.

3.0 Daga Aji Zuwa Kan Dutse

Sha'awar hawan tsaunuka ce ta fara kai shi fagen da ya yi suna a cikinsa. A 1895 ya hau Dutsen Rose, mai tsayin sama da mita 3,200, a tsakiyar hunturu. A 1906 shi da abokan aikinsa suka kafa tashar lura da yanayi a ƙololuwar dutsen, suna hawa da sauka da kayan aiki cikin tsananin sanyi.

A can ne ya fuskanci cewa zurfin dusar ƙanƙara ba ya nuna yawan ruwan da ke cikinta. Sabuwar zuba sakayau take, ruwanta bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba, amma wadda ta daɗe ta danƙare tana iya kusantar rabi. Saboda haka a wajen 1909 ya ƙera wani dogon bututun ƙarfe mai haƙora a bakinsa. Akan soka shi tun daga saman dusar har ya taɓa ƙasa, a zaro shi da abin da ya ɗebo, a rataya a ma'auni, nauyin ya bayyana yawan ruwan kai tsaye. Ya kuma tsara wasu layuka na dindindin a kan tsaunuka, waɗanda ake aunawa a wurare guda kowace shekara a wajen farkon Afrilu, a kwatanta sakamakon da na shekarun baya.

4.0 Rikicin Tafkin Taho

Amfanin wannan dabara ya fito fili a Tafkin Taho, wanda ke kan iyakar Nebada da Kalifoniya. Akwai madatsa a inda kogin Truckee yake fita daga tafkin. Idan aka toshe ruwa, kuma shekarar ta zo da dusa mai yawa, sai tafkin ya tumbatsa ya ɓata dukiyar mazauna gaɓarsa. Idan kuma aka saki ruwan da wuri, shekarar ta zo da ƙamfa, sai manoman rani da kamfanin lantarki su shiga uku. Kowane ɓangare yana zargin ɗan'uwansa, alhali duk cikin duhu suke. Tun daga wajen 1910 Church ya fara hasashen yadda tafkin zai ƙaru, wanda ya ba masu kula da madatsar damar sanin abin da za su saki da abin da za su riƙe. Wannan ya rage zafin gardamar ƙwarai.

5.0 Daji da Dusar Ƙanƙara

An sare yawancin dazuzzukan yankin Taho domin ramukan haƙar azurfa na Comstock, kuma masana na jayayya kan ko daji yana tanadin ruwa. Church ya auna dusar a fili da cikin kurmi da gefen tsauni. Ya gano cewa a fili iska tana kwashe ta, rana kuma tana narkar da ita da wuri. A kurmi mai duhu kuwa rassa ne suke tare ta, wani kaso ya bi iska tun bai kai ƙasa ba. Dajin da ya fi tanadi shi ne mai ƙananan sarari a tsakanin itatuwa, inda dusar take samun hanyar sauka, inuwa kuma ta jinkirta narkewarta. Ya wallafa wannan bincike a 1912.

6.0 Yaɗuwar Aikinsa da Rasuwarsa

Bayan farin da ya addabi Amurka, gwamnatin tarayya ta kafa shirin auna dusar ƙanƙara a jihohin yamma a 1935, bisa tsarin da Church ya shimfiɗa. Ya shiga tawagar binciken Jami'ar Mishigan zuwa Girinlan a shekarun 1920, ya shugabanci hukumar duniya ta nazarin dusar ƙanƙara, kuma a 1947 ya je Indiya domin aikin awo a tsaunukan Himalaya, yana da shekara 78. Duk da haka bai juya wa fasaha baya ba, domin yana cikin waɗanda suka kafa gidan adana zane-zane na Nebada a 1931.

Ya rasu a Reno ranar 5 ga Agusta, 1959, yana da shekara 90. Jami'ar ta sanya sunansa a ginin sashen fasaha, inda aka ajiye tokarsa da ta matarsa a harsashin ginin.

7.0 Kammalawa

Church ya shafe shekara 47 yana koyar da harsuna, kuma bai taɓa yin digiri a fannin ruwa ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya gane tambayar da ta dace, ya daure wa maimaita awo guda shekara da shekaru. Ko da yake na'urori masu aiko da bayanai daga nesa sun shigo fagen, har yau masu awo suna hawa tsaunukan yammacin Amurka ɗauke da bututun da aka gina a kan samfurinsa.