Tarihin Samuel Morse, Uban Wayar Tangaraho

Cikin shekarun da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zauna a Sifawa, watau daga wajen 1810 zuwa 1815, labari ba ya wuce gudun doki. Daga Sifawa takardu su ke fita zuwa ga masu tuta a Kano da Katsina da Zazzau da Bauci. Malam Abdullahi yana nan kusa a Boɗinga, Muhammadu Bello yana Sakkwato. Kowace takarda sai manzo ya sa ta a gafaka ya yi kwana da kwanaki bisa hanya, in damina ce ya tsaya bakin kogi ya jira ruwa ya janye. Haka abin ya ke kusan ko'ina a duniya a wannan zamani, in ban da tambari da hayaƙi, da wasu alamu da Faransawa su ke ɗagawa bisa hasumiyoyi, waɗannan kuwa sai inda kunne ko ido ya kai.

A daidai shekarun nan ne wani saurayi mutumin Amurka ya ke zaune a Landan yana koyon zanen hotuna. Ya tafi cikin 1811, ya komo gida cikin 1815, shekarar da Shehu ya tashi daga Sifawa ya koma Sakkwato. Sunansa Samuel Morse, shi ne wanda daga baya ya shahara da wayar tangaraho da haruffan bugun waya da har yau a ke kira da sunansa. Akawunan da suka tarar da zamanin talgiram da malaman makaranta duk sun san sunan. Mai sunan ne ba kowa ya san labarinsa ba.

An haife shi ran 27 ga Afrilu 1791 a garin Charlestown, kusa da Boston. Ubansa, Jedidiah Morse, limamin Kirista ne, ya kuma wallafa littattafan labarin ƙasa da a ke karantawa a makarantun Amurka na lokacin. Ya sa ɗan a babbar makarantar Yale, ya gama cikin 1810. Can ya ji laccoci game da lantarki, amma zuciyarsa tana ga zane. Burinsa ya zana manyan hotuna na tarihi. Mutanen ƙasarsa kuwa ba abin da su ke saye sai hoton fuskarsu, don a sa'an nan ba a ƙago kyamara ba. Da ya komo daga Ingila sai ya shiga bin garuruwa yana zana attajirai da iyalansu don ya sami abin sa wa baki.

Cikin 1818 ya auri Lucretia Walker. Farkon 1825 yana Washinton, an ba shi aikin zana Lafayette, sojan Faransa nan da ya taimaki Amurka yaƙin neman 'yanci, sai matar ta rasu ran 7 ga Fabrairu a gidansu a New Haven, 'yan makonni bayan ta haifi ɗa na uku. Ubansa ya rubuta masa takarda. Kafin takardar ta iso, shi kuma ya kai gida, an riga an binne ta. Mutane su kan ce wannan baƙin ciki ne ya haifi tangaraho. Mu dai ba mu kai ga faɗin haka ba, gama sai da aka yi shekara bakwai kafin tunanin waya ya zo masa, kuma cikin shekarun nan zane ya sa gaba, har ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu zane da aka kafa a New York cikin 1826. Amma ba shakka ya ɗanɗani ɗacin labarin da ya makara.

Cikin Oktoba 1832, yana komowa daga Faransa a wani jirgin ruwa mai suna Sully, hira ta haɗa shi da wani likita, Charles Jackson, a kan maganaɗisun lantarki. Ya ji cewa lantarki yana ratsa doguwar waya nan take. Kafin jirgin ya sauka ya cika 'yan shafuka da zanen na'urar da za ta aika da magana ta waya. Ya sami aikin koyar da zane a jami'ar New York, aiki mai suna babu kuɗi, a ɗakin aikinsa ya ke kwana. Na'urarsa ta fari da katakon da a ke ɗaure ƙyallen zane da kayan tsohon agogo ya haɗa ta. Cikin 1837 Majalisar Amurka ta raba aikin manyan hotuna huɗu na zauren gininta, aka tsallake shi. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, daga nan ya juya wa zane baya.

Yadda na'urar ta ke aiki ba wuya. Ga batir, ga waya, ga ɗan mabugi a hannun mai aikawa. In ya danna mabugin lantarki ya wuce, ya shiga wata waya da aka nannaɗe jikin ƙarfe a can ɗaya ƙarshen, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo alƙalami ya yi alama bisa zirin takarda mai tafiya. In ya saki, alƙalami ya tashi. Wuyar ita ce lantarki yana raunana in waya ta yi tsawo, na'urar Morse ta fari ba ta wuce 'yan taku ba. Wani abokin aikinsa malamin kimiyya, Leonard Gale, shi ya nuna masa binciken da Joseph Henry ya buga cikin 1831, aka ƙara yawan naɗin waya da yawan batir. Sa'an nan aka yi dabarar zango: inda lantarki ya fara gajiya a ajiye wani maganaɗisu, wanda aikinsa kawai ya danna sabon mabugi mai sabon batir, kamar yadda manzo ya kan sauka daga kan dokin da ya gaji ya hau sabo.

Na uku cikinsu shi ne Alfred Vail, saurayi ɗan mai maƙerar ƙarfe a Morristown, wanda ya kawo kuɗin ubansa da gwanintar hannunsa. A maƙerarsu ne cikin Janairu 1838 aka aika da magana ta waya mai tsawon mil biyu. A nan ne fa ya kamata mu ɗan dakata, don haruffan su ne suka fi na'urar daɗewa. Shirin Morse na farko lambobi ne: kowace kalma da lambarta, mai karɓa ya buɗe ƙamus ya duba. Aikin ya cika nawa. Sai aka koma ba kowane harafi alamarsa da gajeren bugu, wanda a ke rubutawa da ɗigo, da dogon bugu, wanda a ke rubutawa da ɗan layi. Harafin da ya fi yawan zuwa a Turanci shi aka ba alama mafi sauƙi, E ɗigo ɗaya, T layi ɗaya. Da Bahaushe ne ya tsara su, da A ce za ta sami ɗigo ɗayan. Masana tarihi sun saɓa a kan wanda ya fi hannu cikin tsarin nan, ko Morse ko Vail. Wanda ya san yadda kalangu ya ke kiran sunan mutum ba da baki ba, ba zai yi mamakin ƙarfe ya yi magana da bugu iri biyu ba.

Shekara biyar Morse yana safa da marwa a Majalisa yana roƙon kuɗin gwaji, wasu wakilai suna yi masa ba'a. Ran 3 ga Maris 1843, ranar ƙarshe ta zaman Majalisa, aka yarda da dala 30,000. Da fari sun binne waya cikin bututun darma, sai aka ga lantarki yana zurarewa, kuɗi kuwa sun yi nisa. Dole aka koma kafa falwaya a rataya waya a sama, wannan ne asalin jerin falwayan da suka bi hanyoyin jirgin ƙasa a Amurka. Mai kula da aikin, Ezra Cornell, ya yi arziki da waya daga baya har ya kafa jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Ran 24 ga Mayu 1844 Morse ya zauna a ginin Majalisa a Washinton ya buga wata gajeriyar aya ta Attaura, Vail ya karɓa a Baltimore, nisan wajen mil 40, ya mayar masa da ita nan take.

Gwamnati ta ƙi sayen dabarar, kamfanoni suka ɗauka, waya ta bazu. Wani abin da maƙagin bai shirya ba, ma'aikata suka gano suna iya karanta saƙo da kunne daga ƙarar maganaɗisu kafin su dubi takarda. A hankali aka bar alƙalami, aka koma saurare.

Ba Morse kaɗai ya ƙago tangaraho ba. Cooke da Wheatstone sun yi rajistar tasu a Ingila tun 1837, mai allurai biyar masu nuna haruffa. Tasa ta fi araha da sauƙi, shi ya sa ta ci kasuwa. Sarkin Istambul Abdulmajid ya ga gwajin na'urar a fadarsa cikin 1847 ya ba shi lambar girma mai lu'ulu'u. Cikin 1854 Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar masa da haƙƙin na'urarsa, amma ta hana shi mallakar duk wata hanyar rubutu daga nesa da lantarki, yadda ya nema. Cikin 1858 ƙasashen Turai suka haɗa masa faran 400,000.

Halinsa fa ba duka abin yabo ba ne. Mutum ne mai yawan shari'a, mai rowar ambaton waɗanda suka taimake shi. Ya ɓata da Henry, Vail kuwa ya rasu cikin 1859 sunansa bai fita ba. Ya yi rubuce-rubucen ƙin baƙi da 'yan ɗarikar Katolika, ya tsaya zaɓen magajin garin New York bisa wannan ra'ayi cikin 1836 ya faɗi warwas, ya kuma kare bautar da baƙar fata har cikin yaƙin basasar Amurka. Ya yi kyauta mai yawa ga makarantu cikin tsufansa, aka kafa mutum-mutuminsa a New York cikin 1871. Ya mutu ran 2 ga Afrilu 1872, saura kaɗan ya cika shekara 81.

Haruffan da duniya ta riƙe ba daidai su ke da nasa ba. Wani Bajamushe, Friedrich Gerke, ya gyara su cikin 1848, gyaran nan ne tushen tsarin da taron ƙasashe ya ɗauka a Faris cikin 1865. Wayar ƙarƙashin teku ta iso Ikko cikin 1886, Turawa kuma suka jawo waya Arewa tare da sojansu. Ƙasar Sakkwato ta ga aikinta cikin 1906. Ran 14 ga Fabrairu mutanen Satiru, ba nisa da Sifawa, suka karya rundunar dawakin Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji wajen 25. Gwamna Lugga yana Zungeru, yawancin sojansa suna ƙasar Tibi. Waya ce ta kai masa labari, da waya kuma ya tattaro dakaru. Ran 10 ga Maris aka shafe Satiru, aka kashe mutane wajen dubu biyu. Mu kan tuna da talgiram a kan rasuwa da suna da canjin wurin aiki, amma farkon shigowarta ƙasar nan kayan yaƙi ce da mulki.

Da wayar iska ta zo, haruffan suka bar ƙarfe suka hau iska. Cikin Disamba 1901 Marconi, mutumin Italiya, ya ba da sanarwar ya ji ɗigo uku, watau harafin S, sun ƙetare tekun Atlantika. Kiran neman agaji na jiragen ruwa, ɗigo uku, layi uku, ɗigo uku, yana cikin abin da jirgin Titanic ya buga cikin 1912, aka ceci mutum fiye da 700. A shekarar nan Amurka ta yi dokar lasisi ga masu haɗa rediyo a gida don sha'awa, ta tura su gajeren zango da a ke zaton ba shi da amfani. Cikin 1923 biyu daga cikinsu suka yi zance tsakanin Faransa da Amurka ta wannan zango.

Shekaru da yawa ba a ba mutum lasisin gajeren zango sai ya ci jarrabawar Morse. A Ingila kalma 12 a ke nema cikin minti ɗaya. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Nijeriya da ZD2 ta ke farawa zamanin Turawa, yanzu 5N, ta Nijar kuwa 5U. Jiragen ruwa sun bar dogara ga Morse cikin 1999, taron ƙasashe a Janeba ya ɗage wajabcin jarrabawar cikin 2003. Duk da haka masu sha'awar ba su bar ta ba, don na'urar bugun Morse ta fi ta murya sauƙin haɗawa, ba ta cin wuta, kuma a kan ji ta cikin hayaniyar da murya ta kan ɓace. Wanda ya ke son koyo ya lura layi tsawon ɗigo uku ne, tsakanin harafi da harafi shirun ɗigo uku, tsakanin kalma da kalma bakwai. Ya kuma koya da kunne, kada ya haddace a takarda, don mai ƙidayar ɗigo ba ya sauri.

In Hausa zai buga, ya sani tsarin duniya ba shi da alamar ɓ da ɗ da ƙ. Mai karɓa shi zai gane daga sauran zancen ko baki a ke nufi ko baƙi.