Enzo Ferrari

Enzo Anselmo Giuseppe Maria Ferrari (Fabrairu 1898 – 14 ga Agusta, 1988) ɗan ƙasar Italiya ne, direban tseren motoci, kuma shi ne ya kafa kamfanin Ferrari mai ƙera motocin gudu masu tsada.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Modena da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa da yayansa sun mutu a shekarar 1916. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nemi aiki a kamfanin Fiat, aka ƙi ɗaukarsa. A 1920 ya shiga Alfa Romeo a matsayin direban tsere, sannan a 1929 ya kafa ƙungiyar tsere ta Scuderia Ferrari. Ya rabu da Alfa Romeo a 1939, ya mayar da masana'antarsa Maranello a 1943. Mota ta farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, ta fito a 1947.

Kasuwanci

Zuciyar Ferrari tana kan tsere ne, ba kan ciniki ba. Motocin hawa da yake sayar wa attajirai hanya ce ta samun kuɗin da tsere ke ci. Ba ya neman yawan masu saye: yakan ƙera motoci kaɗan, ya sa musu farashi mai tsada, ribar da ke kan kowace ɗaya ta maye gurbin yawa. Samfurin 250 GTO, alal misali, guda 36 kacal aka yi tsakanin 1962 da 1964. Mai saye ba ƙarfe da inji kaɗai yake biya ba, har da sunan da motar ta yi a filin gasa. Nasarar da Luigi Chinetti ya samu a tseren Le Mans na 1949 ta buɗe wa kamfanin kasuwar Amurka, inda Chinetti ya zama dillalinsa.

Sai dai ribar ba ta riƙa isar tseren ba. A 1963 kamfanin Ford, mai sayar da miliyoyin motoci a shekara lokacin da Ferrari ke yin ɗaruruwa, ya nemi sayen kamfanin. Ford na da kuɗi da yawan ciniki, abin da ya rasa shi ne irin wannan suna. Ferrari ya fasa cinikin saboda ba zai saki ikon sashen tsere ba. Ford ya rama da motarsa GT40, wadda ta ci Le Mans sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. A 1969 Ferrari ya sayar wa Fiat, kamfanin da ya taɓa hana shi aiki, rabin hannun jarin, amma tsere ya ci gaba da zama a hannunsa.

Mutuwa

F40 ta 1987 ita ce mota ta ƙarshe da ta fito yana raye. Ya mutu yana da shekara 90. A shekarar ce kason Fiat ya kai kashi 90 cikin ɗari, ɗansa Piero ya riƙe sauran.