Alex North: Gwanin kiɗan da aka yi watsi da aikinsa ba tare da an sanar da shi ba

A farkon watan Afrilun 1968, wani mutum mai shekara 57 ya shiga gidan silima a birnin New York domin kallon sabon fim mai suna 2001: A Space Odyssey. Shi ne aka ɗauka ya tsara wa fim ɗin kiɗa, ya kuma yi aikin har ya kwanta ciwo saboda shi. Aka kashe fitilu, kiɗan buɗewa ya tashi, sai ya ji ba nasa ba ne. Ya ci gaba da sauraro har fim ya ƙare, bai ji komai daga abin da ya rubuta ba. Babu wanda ya gaya masa tun da farko cewa an ajiye aikinsa gefe.

Sunan mutumin Alex North, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗan finafinai da Amurka ta taɓa yi. Sai da aka shekara 25 kafin jama'a su ji kiɗan nan da aka jefar, kuma tun daga lokacin masoya finafinan almarar kimiyya ba su daina muhawara a kansa ba.

Tasowarsa da karatunsa

An haife shi ranar 4 ga Disamban 1910 a garin Chester na jihar Pennsylvania, aka raɗa masa suna Isadore Soifer. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Daular Rasha. Mahaifinsa maƙeri ne, ya kuma mutu tun yaron yana ƙarami, ya bar iyalin cikin ƙuncin rayuwa. Wansa Joseph, wanda ya zama ɗan jarida mai ra'ayin kwaminisanci, shi ya fara amfani da sunan North, daga baya ƙanin ya bi sahunsa.

Ya koyi fiyano tun yana yaro, ya yi karatu a Cibiyar Curtis da ke Philadelphia, sannan ya samu tallafin karatu a makarantar Juilliard ta New York. Da yake tallafin bai isa ya riƙe shi ba, sai ya riƙa aikin buga wayar tangarahu da dare, ya tafi aji da rana. Wannan sana'a ce ta buɗe masa hanyar zuwa Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1930, lokacin da ƙasar ke neman ma'aikata masu irin wannan ƙwarewa. A can ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Mosko, ya yi kimanin shekara biyu.

Da ya komo gida, ya ƙara karatu a wurin Aaron Copland da Ernst Toch, yana kuma rubuta wa ƙungiyoyin raye-rayen zamani kiɗa. A 1939 ya bi tawagar Anna Sokolow zuwa Meziko, inda ya ɗauki darasi a wurin Silvestre Revueltas. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin soja har ya kai muƙamin kyaftin, yana shirya wa sojojin da ke jinya a asibitoci shirye-shiryen kiɗa da nishaɗi.

Shigarsa Hollywood

Darakta Elia Kazan ne ya fito da shi fili. A 1949 North ya tsara kiɗan wasan kwaikwayon Arthur Miller mai suna Death of a Salesman, wanda Kazan ya jagoranta a dandamali. Bayan shekara biyu Kazan ya kira shi Hollywood domin fim ɗin A Streetcar Named Desire. A wancan zamani an saba cika finafinai da kiɗan goge mai taushi irin na Turai. North ya kawo kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, ya saƙa shi cikin labarin, ya sa ƙaho da fiyano suna faɗin abin da 'yan wasa suka ɓoye a zuci. Kiɗan ya yi tasirin da har wata ƙungiyar mabiya ɗariƙar Katolika mai sa ido kan tarbiyya a finafinai ta ga wani sashensa ya cika motsa sha'awa, aka sauya shi kafin a saki fim ɗin.

Daga nan ayyuka suka yi ta zuwa: Viva Zapata! a 1952, The Misfits a 1961, Cleopatra a 1963, da Who's Afraid of Virginia Woolf? a 1966. A 1955 ya tsara wa wani ƙaramin fim na gidan yari mai suna Unchained wata waƙa da Hy Zaret ya rubuta wa baituka. An manta da fim ɗin, amma waƙar, Unchained Melody, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da mawaƙa suka fi maimaitawa a ƙarni na 20.

A 1960 ne ya fara aiki da Stanley Kubrick, a fim ɗin Spartacus, labarin tawayen bayi a Daular Rum. An ba shi isasshen lokaci, ya fitar da kiɗan da har yau ake lissafa shi cikin mafi kyawun da aka taɓa yi wa fim. Saboda haka da Kubrick ya sake nemansa a ƙarshen 1967, North ya amsa da murna.

Mako biyu a Landan

Sabon fim ɗin, wanda Kubrick ya rubuta tare da marubuci Arthur C. Clarke, ya sha bamban da duk abin da aka saba gani. Ya fara ne da birrai a farkon tarihin ɗan Adam, ya tsallaka zuwa zamanin kumbo da 'yan sama jannati da wata kwamfuta mai suna HAL 9000. Sama da minti 20 na farkonsa babu magana ko ɗaya, haka ma ƙarshensa. Ga mai tsara kiɗa, wannan fili ne da ba a cika samun irinsa ba.

Sai dai akwai matsala tun daga tushe. Al'adar masu shirya fim ce su ɗora kiɗan wucin gadi a kan hotuna yayin da ake tacewa, kafin a kammala na ainihi. Kubrick ya daɗe yana tace fim ɗinsa da faya-fayan Richard Strauss da Johann Strauss da wasu, har kunnensa ya saba da su. Kamfanin MGM mai kuɗin aikin kuwa ya fi son a yi sabon kiɗa. Kubrick ya nuna wa North cewa yana son ya riƙe wasu daga cikin tsofaffin kaɗe-kaɗen, shi kuma North bai so a cakuɗa aikinsa da na wasu ba. Ya yi imani zai iya rubuta abin da zai ɗauki ruhin waɗancan, ya kuma haɗa fim ɗin ya zama abu guda.

Ya fara aiki a jajibirin Kirsimeti na 1967 a wani gida da aka kama masa a unguwar Chelsea, a bakin kogin Thames. Cikin kimanin mako biyu, yana aiki dare da rana tare da abokin aikinsa Henry Brant, ya rubuta kiɗa na wajen minti 40. Wahalar ta sa masa ciwon baya mai tsanani, har sai da aka kai shi wurin naɗar kiɗan a cikin motar asibiti, Brant ya jagoranci makaɗa a madadinsa. Wannan a watan Janairun 1968 ke nan.

Bayan haka ya zauna jiran a nuna masa sauran fim ɗin. Ya yi kwana 11 yana jira, sai saƙo ya zo cewa ba a buƙatar ƙarin kiɗa, domin darakta zai yi amfani da sautin numfashin ɗan sama jannati a sauran wuraren. North ya koma Amurka da zaton abin da ya riga ya naɗa yana nan a rabin farko. Abin da ya tarar a gidan silimar New York shi ne amsar da Kubrick bai ba shi da baki ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana shirya wa maigidansa aiki, ya wayi gari a wurin taro ya ji ana karanta na wani, ya san irin wannan zafi.

Yadda 'yan kallo suka karɓi zaɓin Kubrick

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, jama'a sun yi na'am da zaɓin darakta. Kiɗan Also sprach Zarathustra na Richard Strauss, wanda aka rubuta tun 1896, ya zama tambarin sararin samaniya a kunnen duniya. BBC ta yi amfani da shi a shirye-shiryenta na tafiyar kumbon Apollo zuwa duniyar wata, Elvis Presley ya riƙa buɗe wasanninsa da shi, sannan ɗan Brazil Eumir Deodato ya sake masa salo, ya yi kasuwa sosai a 1973. Kiɗan rawa na The Blue Danube da aka ɗora a kan kumbo yana juyawa zai shiga tashar sararin samaniya ya zama ɗaya daga cikin fitattun wurare a tarihin silima. Matasa da yawa a wannan fim suka fara jin sautukan György Ligeti, ɗan asalin Hungary, wanda shi ma ba a nemi izininsa kai tsaye ba, sai daga baya aka sasanta da shi.

Kubrick, a wata hira da ya yi daga baya da mai sharhin finafinai na Faransa Michel Ciment, ya nuna cewa kiɗan da aka rubuta masa bai dace da fim ɗin ba, kuma ba ya ganin dalilin ɗaukar abin da bai kai ba alhali ga ayyukan manyan gwanaye a ajiye.

North bai zauna yana kuka ba. Ya ɗauki sassan kiɗan ya sake sarrafa su a The Shoes of the Fisherman a 1968, da Shanks a 1974, da Dragonslayer a 1981. Dukan ukun sun sa an saka sunansa cikin masu neman kyautar Oscar, na farkon kuma ya ci masa kyautar Golden Globe. Duk da haka, sau 15 ana saka shi a jerin 'yan takarar Oscar bai ci ko sau ɗaya ba, sai a 1986 aka ba shi ta girmamawa. Shi ne mai tsara kiɗa na farko da ya samu wannan karramawa. Ya kuma ga lokacin da fim ɗin Ghost ya dawo da Unchained Melody kan gaba a 1990. Ya mutu ranar 8 ga Satumban 1991 a Los Angeles, yana da shekara 80.

Bayan mutuwarsa

A tsawon waɗannan shekaru kiɗan 2001 na North ya zama kamar tatsuniya a wurin masu tara faya-fayan kiɗan fim: kowa ya ji labarinsa, kusan babu wanda ya ji sautinsa. Abokinsa Jerry Goldsmith, wanda ya tsara kiɗan Planet of the Apes da Alien, shi ya ɗauki nauyin fito da shi. A 1993 ya jagoranci tawagar makaɗa ta National Philharmonic a Landan, aka sake naɗar kiɗan daga rubutun North, kamfanin Varèse Sarabande ya fitar da faifan.

Nan take masoya suka rabu. Wasu suka ce an tafka asara, domin kiɗan North, da gangunansa masu kaushi a sashen birrai da sautinsa mai walƙiya a sashen kumbo, an yi shi ne daidai da jikin fim ɗin, kuma hannu ɗaya ne ya saƙa shi daga farko zuwa ƙarshe. Wasu kuma suka ce kiɗan yana da kyau a faifai, amma Kubrick ne ke da gaskiya. Mai sharhi Roger Ebert yana cikin waɗannan. A ganinsa kiɗan North yana yin abin da kiɗan fim ya saba yi, wato gaya wa ɗan kallo abin da ya kamata ya ji a ransa, alhali tsofaffin kaɗe-kaɗen suna tsaye ne a wajen labarin, sun bar mai kallo da tunaninsa.

Akwai kuma masu cewa ba za a taɓa yin adalci a wannan gwaji ba. Wanda ya shekara 25 yana ganin biri ya ɗaga ƙashi da kiɗan Strauss ba zai iya sauraron wani kiɗa a wurin da sabon kunne ba. Kuma an sa North ne ya yi gogayya da abin da darakta ya riga ya ƙallafa rai a kansa, shi ya sa kiɗan buɗewar da ya rubuta ya ɗauki siffar na Strauss har ana iya jin kamannin.

Binciken masu bibiya ya kuma gano wani kuskure: sashen ƙarshe na faifan 1993 ba na wannan fim ba ne, North ya rubuta shi ne don wani dogon shirin talabijin mai suna Africa da tashar ABC ta nuna a 1967, takardun ne suka cakuɗe. A 2007 kamfanin Intrada ya fitar da ainihin abin da aka naɗa a 1968, kwafi 3,000 kacal, tare da bayanin daidai inda kowane sashe zai shiga a fim ɗin. Tun daga nan masu sha'awa ke ɗora kiɗan a kan hotunan da kansu, suna kallo suna yanke hukunci.

Har yanzu ba a daidaita ba kan wane kiɗa ya fi dacewa. Inda aka fi samun daidaito shi ne kan yadda aka yi da mutumin. Ko masu goyon bayan Kubrick ba su cika musanta cewa darakta na da ikon zaɓen abin da yake so a fim ɗinsa, amma wanda aka kawo wurin aiki a motar asibiti ya cancanci a kira shi a gaya masa ba. Kubrick ya mutu a 1999, shekara shida bayan fitowar faifan Goldsmith, kuma fim ɗinsa yana nan da kiɗan da ya zaɓa.