Dakta Banting: Likitan Da Ya Ceto Yara Masu Ciwon Suga

A nan Hawata da ƙauyukan bakin Kogin Rahad muna ganin iyayen da ke ajiye kwalbar insulin a cikin tulu don kada zafi ya lalata ta. Kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya samo wannan magani.

An haifi Frederick Banting ranar 14 ga Nuwamba, 1891, a garin Alliston na ƙasar Kanada, kuma shi ne auta a gidan wani manomi. Ya gama karatun likita a Jami'ar Toronto a 1916, ya tafi Yaƙin Duniya na Farko, inda aka ji masa rauni a Faransa a 1918.

A wancan zamani yaron da ciwon suga ya kama ba ya daɗewa. Abin da likitoci ke iyawa shi ne rage masa abinci, har ya rame ya rasu.

A 1921 Banting da wani ɗalibi mai suna Charles Best suka fara gwaji a kan karnuka, suna tatso ruwan fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. James Collip ya tace shi. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa, ya farfaɗo.

An ba Banting kyautar Nobel a 1923 tare da shugabansu John Macleod. Da ya ga an bar Best a baya, sai ya raba kasonsa da shi. Haka kuma shi da Best da Collip sun sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu, don kada ya gagari talaka.

Ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 21 ga Fabrairu, 1941, yana da shekara 49, ba tare da ya san asalin ciwon ba. Sai a 1974 masana suka samu hujjar cewa garkuwar jikin yaro ce da kanta ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Yau ana bin ƙwayoyin gado da furotin na cikin jini don gane yaron da ke cikin haɗari tun kafin ya fara yawan fitsari da ƙishirwa.

Insulin ba ya warkarwa, rai yake riƙewa, shi ya sa yankewarsa na 'yan kwanaki kan zama ajali. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa samunsa ya yi wuya. Muna kira ga hukumomin lafiya na Jihar Gadarif da kada su bari maganin da aka sayar dala ɗaya ya gagari yaranmu.