Dick Tiger: Mai sayar da kwalabe da ya riƙe kambun damben duniya

Duk wanda ya saba kallon dambe da kaka a karkarar Kiru ko Tudun Wada ya san ƙa'idar: hannu ɗaya ake ɗaurewa, da zarar gwiwa ta taɓa ƙasa kuwa an yi kisa. Damben zamani ya sha bamban. Hannu biyu ake sa wa safa, sai an ɗora 'yan wasa a sikeli kafin a haɗa su, kuma a da, karawar neman kambu turmi 15 ce, kowane turmi minti uku. Ajin matsakaicin nauyi na waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba ne. A wannan aji Najeriya ta taɓa fitar da zakaran duniya, Richard Ihetu, wanda aka fi sani da Dick Tiger.

An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo da ke jihar Imo ta yau. Talauci ya kai shi Aba yana yaro, inda ya riƙa tara kwalabe yana sayarwa a kasuwa. A 1952 ya mai da dambe sana'a, a 1955 ya hau jirgin ruwa zuwa Liverpool ta Ingila.

Ingila ba ta karɓe shi da daɗi ba. Sanyi ya dame shi, da rana yana aiki a masana'antar fenti, kuma karawarsa huɗu na farko duk an ba abokan hamayya. Wani da tuni ya tattara komatsansa ya dawo gida. Shi kuwa ya daure har 1957, lokacin da aka kawo shi Landan don wani matashi da ake ji da shi, Terry Downes, ya yi tsani da shi. Reshe ya juye da mujiya: Downes bai kai ƙarshen wasan ba. Shekara ta zagayo ya buge Pat McAteer ya ɗauki kambun Daular Birtaniya, sannan a 1959 ya koma New York.

Ba ɗan damben ado ba ne. Gajere ne kakkaura, ba ya yawan tsalle-tsalle. Matsowa yake yi sannu a hankali, ya toshe hanya, ya yi ta sauke hagu a haƙarƙari har numfashin abokin karawa ya ƙare. Da wannan salon ya karɓe kambun duniya daga hannun Gene Fullmer a San Francisco ranar 23 ga Oktoba, 1962, yana da shekara 33, shekarun da wasu ke ajiye safa. Shi ne ɗan Najeriya na biyu da ya kai wannan matsayi, bayan Hogan Bassey a 1957.

Sun sake haɗuwa a Las Vegas aka yi canjaras. Karo na uku shi ne wanda tsofaffi ba su manta ba: ranar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, gwamnati ta sa kuɗinta aka kawo damben duniya gida. A lokacin rikicin siyasa ya dabaibaye Jihar Yamma, amma daren nan Arewa da Kudu bakinsu ɗaya. Bayan turmi na bakwai Fullmer bai sake fitowa ba.

Kambun ya suɓuce masa a hannun Joey Giardello a ƙarshen 1963, ya ƙwato shi a 1965, Emile Griffith ya karɓe a 1966. Maimakon ya yi murabus sai ya haura aji na sama, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi, ya doke José Torres a Disambar 1966, ya zama zakaran duniya a aji na biyu yana da shekara 37.

Halin ɗan kasuwa bai bar shi ba. An san shi da tsimi, ba ya facaka irin ta 'yan dambe, abin da ya samu gida yake turowa a sayi gidaje a kafa sana'a. Sai dai ana bikin duniya ake na ƙiyama. Juyin mulkin 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya, har da na 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sun kai ƙasar ga yaƙin basasa a 1967. Dick Tiger ya bi Biyafara, aka ba shi muƙamin laftana yana horar da sojoji motsa jiki, daga baya har ya mayar wa Ingila lambar girmamawa ta MBE don nuna fushinsa da goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Mutumin da ƙasa ta taru a bayansa a Ibadan ya zama wanda rabin ƙasa ke kallo a matsayin ɗan tawaye, kuma yaƙin ya cinye mafi yawan abin da ya tara.

Bukatar kuɗi ta sa ya ci gaba da dambe. Ranar 24 ga Mayu, 1968, ya kare kambunsa da Bob Foster, dogo mai mugun hagu, wanda ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu; wannan ne kaɗai lokacin da alƙali ya ƙirga masa goma yana ƙasa. Duk da haka a 1969, yana dab da shekara 40, ya doke Nino Benvenuti na Italiya. Wasansa na ƙarshe a 1970 ne, Griffith ya sake yin nasara a kansa.

Daga nan tsohon zakaran duniya ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Can ciwo ya kama shi, likitoci suka gano sankarar hanta. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta bar shi ya dawo gida a 1971, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba na shekarar, yana da shekara 42. A 1991 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwarazan damben duniya da ke Canastota a jihar New York.