Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya ɗauki sunan matar da ta rene shi

Sunan Ɗantata bai samo asali daga uba ko kaka ba. Sunan wata tsohuwar baiwa ne, Tata, wadda aka bar wa riƙon wani maraya a Bebeji a ƙarshen ƙarni na 19. Marayan shi ne Alhassan, wanda ya rasu a Kano a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

An haife shi a 1877 cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu a wajajen 1885, lokacin yaron yana ɗan shekara takwas. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta yi ƙaura zuwa Akra, a ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun Tata. A ƙa'idar wancan zamani, baiwa tana cikin dukiyar da ake rabawa idan maigida ya mutu. Wannan ce matar da aka ɗora wa nauyin 'ya'yan mamacin: cinsu, suturarsu, jinyarsu, da rarrashin yaran da suka rasa uba suka kuma rabu da uwa kusan a lokaci guda. Mutanen gari sun ga wadda ke ɗawainiyar, shi ya sa suka kira yaron ɗan Tata.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ya yi karatun allo, ya bi ayari zuwa Gwanja, ya tsallake Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya kuma taɓa Agalawa ƙwarai. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya zauna a cikin birni, a yankin Koki da Sarari, ya zama babban mai sayen gyaɗa na kamfanonin Turawa. A 1929, da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Marubuta tarihi ba sa gajiya da ƙirga waɗannan raƙuma. Tata kuwa layi ɗaya ko biyu suke ba ta su wuce.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga jikin ya yi tsanani, bai bari a ɓoye masa ko ya ɓoye wa iyalinsa ba. Ya kira 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya shaida musu cewa lokaci ya matso. Ya yi musu wasiyya da su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin ya wargaje saboda rabon gado. Ba abin mamaki ba ne wanda ya ga gidan ubansa ya watse yana yaro ya damu da wannan fiye da komai. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Shekara goma sha biyu bayan nan, a 1967, Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan, wanda daga gare shi aka samu tsarin zamani na kula da majinyacin da ba a sa ran warkewarsa: a rage masa raɗaɗi, a faɗa masa gaskiya, a ba shi damar sallamar iyalinsa. Birnin Kano ya daɗe da nasa tsarin. Maƙwabta na zuwa dubiya, malaman unguwa na tsayawa kan wanka da sutura, ana zaman makoki, matar mamaci na takaba wata huɗu da kwana goma. Sai dai aikin da ya fi nauyi, wato juya majinyaci, wanke shi da kwana a kansa, har yau a wuyan mata yake, galibi ba lada ba horo. Ba safai ake jin batun a bakin masu yaƙin neman zaɓe ba, domin ba gini ne da za a yanke masa kyalle ba.

Zuriyar Alhassan ta ci gaba da riƙe kasuwanci. Aliko Ɗangote jikan ɗansa Sanusi ne ta wajen uwa. Ɗansa Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, kafofin labarai na duniya suka sanar da rasuwar da sunan Ɗantata.