Alhaji Alhassan Ɗantata: Daga Fataucin Goro Zuwa Dalar Gyaɗa

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano, inda aka jera buhuna bisa buhuna har suka yi tsiri kamar dutse. A yau za ka karanta tarihin mutumin da ba a ambaton wannan dala sai an tuna da shi, wato Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, mutanen da suka shahara da fatauci. Mahaifinsa, Abdullahi, ya rasu tun Alhassan yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara, a ƙasar da ake kira Gana a yau. Wata mata mai suna Tata ce ta rene shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana kuma 'yan saye-saye da sayarwa don ya ciyar da kansa.

A shekarar 1893 yaƙin basasa ya ɓarke a Kano. Fatauci ya tsaya, an ƙone garuruwa, aka kama mutane da yawa aka bautar da su, har da shi Alhassan. Bayan ya sami kansa, sai ya shiga fataucin goro. Ka sani, a wancan zamani fatake kan shafe watanni a ƙasa da jakunansu kafin su kawo goro daga Gwanja. Alhassan kuwa ya lura cewa jiragen ruwa sun fara zirga-zirga a gaɓar teku, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgi zuwa Legas. Ta haka kayansa suka riƙa isa da wuri, asara ta ragu.

Babbar dama ta zo lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Kafin wannan lokaci, kai gyaɗa bakin teku ba ya da riba, domin kuɗin dako ya yi yawa. A Turai kuma masana'antu suna neman man gyaɗa ruwa a jallo. Turawan mulki sun so manoma su duƙufa kan auduga, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. Kamfanonin Turawa suna da jari, sai dai ba su san ƙauyuka ba. Alhassan ya san manoma, kuma sun yarda da shi. Sai ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, ya baza wakilansa a karkara, yana ba su kuɗi bisa amana. Cikin 'yan shekaru ya zama attajirin da ya fi kowa dukiya a Kano. A 1929, da aka buɗe banki a birnin, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Duk da wannan arziki, an san shi da tsimi da sauƙin kai. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, sun ci gaba da kasuwanci, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne.

To, ka lura da abu guda. Jirgin ƙasa bai zo don Alhassan kaɗai ba, kowa ya ji kukansa a tashar Kano. Amma shi ya zo ya tarar da shi da jari, da sanin kasuwa, da kuma amanar jama'a. Kai ma dubi garinku: wane canji ne ke faruwa a yanzu, kuma wane shiri ka yi masa?